Tarihin Charles Kettering, Mutumin Da Ya Hutar Da Direbobi Daga Murza Hannun Mota

Duk direban da ya taɓa riƙe tsohuwar mota mai shan fetur, ko Peugeot 404 ce, ko 504 irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ko Volkswagen ɗin nan da Yarbawa suka laƙaba wa suna Ijapa, watau kunkuru, ya san kwantak da kwandansa. Ya kuma san yadda sukan tsai da mutum a tsakiyar hanya, ga fasinja cike da mota, ga rana tana shirin faɗuwa tsakanin Shagamu da Ibadan. Kanikawan Jamhuriyar Nijar da na sauran ƙasashen da Faransa ta mulka kuwa, in za su ambaci distiributa sai su ce delko. To, wannan kalma asalinta sunan wani kamfani ne na ƙasar Amurka, Delco, wanda ya kafa shi kuwa tare da abokinsa shi ne Charles Franklin Kettering. Shi ne ya daidaita hanyar ba fulogi wuta wadda motocin duniya suka bi har wajen shekara sittin, shi ne kuma ya sa mota ta soma tashi da batir ba sai an murza ta da hannu ba. Har ila yau a ƙarƙashinsa ne aka zuba dalma cikin fetur, abin da duniya ba ta rabu da shi ba sai cikin 2021.

An haife shi ran 29 ga watan Agusta, 1876, a wata gona kusa da garin Loudonville cikin Jihar Ohio. Iyayensa manoma ne, shi ne na huɗu cikin 'ya'yansu biyar. Tun yana yaro yake fama da ciwon ido, in ya daɗe yana karatu sai kansa ya yi ta sara. Duk da haka ya fi tsaransa ƙwazo a makaranta, ba ya kuma ganin wani inji ya ƙyale shi bai kwance ba. Ana ba da labari cewa kuɗin farko da ya samu na ƙwadagon yankan alkama, wayar tarho ya saya da su, ya wargaza ta don ya ga abin da ke ciki, alhali kuwa ba layin tarho a ƙauyensu.

Da ya gama sakandare sai ya zama malamin makarantar ƙauye, yana tara kuɗin karatu. Cikin 1898 ya shiga Jami'ar Jihar Ohio, amma idon ya hana shi sakat, tilas ya bar karatun. Ya koma aikin kamfanin tarho a Ashland, yana haƙa ramin sandunan waya tare da leburori, har ya zama shugabansu. Aikin sarari ya sa idon ya yi sauƙi, ya koma jami'a. A can abokan karatunsa ne ke karanta masa littattafai da ƙarfi yana saurare, yana riƙewa a ka. Bai gama ba sai cikin 1904, yana da shekara 27, ya fito injiniyan lantarki. Shekara guda bayan haka ya auri Olive Williams, mutuniyar Ashland, suka haifi ɗa ɗaya tak, Eugene, cikin 1908.

Daga jami'a kamfanin National Cash Register na birnin Dayton ya ɗauke shi. Wannan kamfani yana ƙera akwatin lissafin kuɗi ne na kantuna, wanda a lokacin sai mai kanti ya murza wani hannu kafin aljihun akwatin ya buɗe. Aka ce Kettering ya sa masa injin lantarki. Masana na ganin abin ba zai yiwu ba, domin injin da zai iya wannan aiki ya fi ƙarfin shiga cikin akwati, ƙarami kuwa ƙonewa zai yi. Shi kuwa sai ya lura da abin da suka manta, watau injin ba zai yi ta juyawa duk yini ba, ɗan lokaci kaɗan zai yunƙura sa'an nan ya huta. Ƙaramin inji yana iya ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinsa muddin za a sauke masa kafin ya yi zafi. Akwatin ya fito cikin 1906. Mai karatu ya riƙe wannan dabara, don za ta sake fitowa a gaba.

Wutar fulogi

Mutumin da ya kawo shi kamfanin, Edward Deeds, yana da sha'awar motoci, yana kuma da wani rumbu a bayan gidansa. Nan Kettering da wasu abokan aikinsa suka riƙa taruwa da dare da ranakun hutu tun wajen 1908. Abin da suka sa gaba shi ne wutar fulogi, domin ita ce babbar matsalar motocin wannan zamani. Hanya biyu ake bi. Ta ɗaya ita ce maginito, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya kyautata cikin 1902. Shi maginito da kansa yake samar da wutarsa, ba ruwansa da batir, amma yana da tsada, in kuma inji na juyawa a hankali wutarsa ba ta da ƙarfi, ga shi kuwa lokacin tayar da mota ne aka fi bukatarta. Ta biyu ita ce koyil mai karkarwa, wanda ke ta feshin tartsatsi barkatai, yana cinye batir nan da nan, in inji ya yi gudu kuma sai tartsatsin ya riƙa kuskure lokacinsa.

Kettering ya ce tartsatsi ɗaya ya isa, in dai mai ƙarfi ne kuma ya zo daidai lokacin da ake bukatarsa. Ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba, don Atwater Kent na birnin Philadelphia ya riga ya fito da wani abu mai kama da haka. Amma tsarin da ya samu karɓuwa har ake kiransa da sunan Kettering a littattafan kanikanci shi ne na Delco, kuma ya kamata a tsaya a bayyana shi, tun da shi ne ke cikin kusan kowace tsohuwar mota mai fetur.

Koyil gwangwani ne mai naɗin waya iri biyu a kan sandar ƙarfe guda. Naɗi na farko waya ce mai kauri, zagaye ɗari biyu ko uku. Na biyu siririyar waya ce kamar gashi, zagaye dubbai. Sa'ad da bakin kwantak yake rufe, wutar batir takan bi ta cikin naɗin farko ta mai da sandar maganaɗisu. Can cikin distiributa akwai wani ƙarfe mai kusurwa da ke juyawa tare da inji, da kusurwarsa ta taɓa kwantak sai bakin ya buɗe, wuta ta yanke farat ɗaya. Wannan yankewar ita ce duk sirrin. Ƙarfin maganaɗisun da ya taru sai ya rushe, rushewar kuwa ita ke haifar da wuta mai ƙarfin bolt dubu goma sha biyar zuwa ashirin da biyar a naɗi na biyu, daga batir mai bolt 6 ko 12 kacal. Rota ta ɗauki wannan wuta ta miƙa wa fulogin da lokacinsa ya yi. Kwandansa kuma aikinsa ya shanye wutar da ke son tsallake bakin kwantak yayin buɗewa, don yankewar ta yi kaifi, bakin kuma kada ya ƙone. Shi ya sa in kwandansa ya mutu mota takan yi ta tari ko ta ƙi tashi, ko da kwantak sabo ne fil.

Cikin 1909 Henry Leland, shugaban kamfanin motoci na Cadillac, ya gwada abin ya gamsu, ya ba da odar dubbai. A lokacin ba su da masana'anta, ba su ma da sunan kamfani. Kettering ya bar aikinsa, shi da Deeds suka kafa Dayton Engineering Laboratories Company, daga haruffan farko na wannan dogon suna ne aka sami Delco.

Hannun mota

Matasan direbobi na yanzu ba su san hannun mota ba, sai ko tsofaffin da suka yi karen mota a manyan motocin da. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake zurawa ta gaban inji a murza da ƙarfin tsiya. In wuta ta kama kafin fistin ya kai sama, inji yakan juyo da baya ya maka wa mutum ƙarfen, ya karya masa yatsa ko hannu ko haƙarƙari. Labarin da ya shahara shi ne wani mai ƙera motoci, Byron Carter, ya tsaya taimakon wata mata da motarta ta mutu a kan wata gada a Detroit, ƙarfen ya juyo ya karya masa muƙamuƙi, daga wannan jinya bai tashi ba. Carter dai ya mutu cikin 1908, ana kuma cewa mutuwarsa ce ta sa Leland ya ɗaura niyyar raba motocinsa da wannan ƙarfe.

Mutane da yawa sun gwada, wasu da iska, wasu da sifirin, wasu da lantarki, har akwai wanda ya yi rajistar tasa dabarar tun 1903. Abin da ya kayar da masu lantarki shi ne lissafin nan na da, cewa injin da zai juya injin mota sai ya kusa kai shi girma, batirinsa kuma ya cika motar. Kettering ya dawo da dabarar akwatin kuɗi. Tayar da mota aikin 'yan daƙiƙoƙi ne, saboda haka ƙaramin inji ya isa. Ya kuma ƙara wata hikima, ya sa abin da ya tayar da motar shi ne zai koma dainamo bayan ta tashi, ya mayar wa batir wutar da aka ci, ya kunna fitilu, ya kuma ciyar da koyil. Nan ne tsarinsa na wutar fulogi ya tsaya da ƙafafunsa sosai, domin batirin da ake cikawa kullum ba ya ƙarewa kamar na da.

An sa wa Cadillac na farko wannan na'ura cikin watan Fabrairu, 1911, motocin kamfanin na 1912 kuma duk suka fito da ita. Cikin 1913 Ingila ta ba Cadillac kofin Dewar saboda wannan aiki. Sauran kamfanoni suka bi sahu, har Ford ya soma sa wa motarsa Model T kik cikin 1919. Ɗan ƙaramin giyan nan da ke fita ya kama inji sa'an nan ya koma, wanda kanikawa ke kira bendis, wannan aikin wani ne daban, Vincent Bendix. Ba shakka kik ya sauya ko wane ne zai iya tuƙi. Mata da tsofaffi da duk wanda ba shi da ƙarfin damtse suka sami shiga, motocin lantarki da na tururi kuma, waɗanda babbar fa'idarsu ita ce ba a murza su, kasuwarsu ta faɗi.

Cikin 1916 aka sayar da Delco ga United Motors, wanda General Motors ya haɗiye cikin 1918. Daga 1920 Kettering ya zama shugaban sashen bincike na General Motors, ya riƙe wannan muƙami shekara 27. Ba duk abin da ya taɓa ne ya zama alheri ba. Ya nace a kan wani inji da iska ke sanyayawa ta fikafikan tagulla, ba ruwa ba lagireto, aka sa wa Chevrolet cikin 1923. Injin ya riƙa zafi yana ƙwanƙwasa, bayan an ƙera 759 aka tsai da aikin, aka kuma janye waɗanda suka fita. Abin ya ƙona masa rai har ya nemi ajiye aiki, shugaban kamfanin Alfred Sloan ya lallashe shi ya zauna. A wannan shekarun ne kuma sashensa tare da kamfanin DuPont suka fito da fentin Duco, wanda ya rage lokacin bushewar fentin mota daga makonni zuwa sa'o'i.

Dalma cikin fetur

Tun kafin ya shiga General Motors akwai abin da ke damun Kettering, watau ƙwanƙwasar inji. Wannan daban take da abin da direbobi ke nufi in sun ce inji ya buga. Ƙara ce kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, wadda kan tashi in mota na hawan tudu da kaya. Masu sayar da maginito suka riƙa yaɗa cewa wutar batir ta Delco ce ke kawo ta. Shi kuwa ya haƙiƙance laifin mai ne, domin ƙananan injinan ba da wuta na Delco-Light da ya ƙera wa manoma sukan yi wannan ƙara in an zuba musu kananzir. Gaskiya tana wajensa. Man ne ke fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinye shi a hankali, wannan kuwa shi ya hana a ƙera inji mai matse mai sosai, wanda zai fi ƙarfi ya kuma rage sha.

Ya ɗauki wani saurayin injiniya, Thomas Midgley, cikin 1916, ya sa shi neman maganin da za a zuba cikin fetur. Bayan shekara biyar na gwaje-gwaje, cikin watan Disamba 1921, suka gano wani haɗin dalma wanda kimanin kashi ɗaya cikin dubu na fetur ya isa ya kashe ƙarar. Sun san giyar ispirit ma tana wannan aiki, amma ita sai an zuba da yawa, kuma ba mai iya mallakarta shi kaɗai ya ci ribarta. An soma sayar da sabon man a Dayton cikin Fabrairu 1923, aka sa masa suna Ethyl, sunan da ba ya ambaton dalma ko kaɗan. Cikin 1924 General Motors da Standard Oil na New Jersey suka kafa kamfanin sayar da shi, Kettering ne shugabansa na farko.

Ba wanda zai ce ba a san dalma guba ba ce, don tun zamanin Rumawa aka sani. Midgley kansa sai da ya tafi jinyar gubar cikin 1923. Cikin watan Oktoba 1924 ma'aikatan matatar Bayway a New Jersey suka soma haukacewa, biyar suka mutu, fiye da talatin aka kwantar a asibiti. An kuma yi asarar rayuka a Dayton da wata masana'antar DuPont. Aka dakatar da sayarwa, gwamnati ta kira taro a Washington cikin Mayu 1925. Masana irin su Alice Hamilton ta Jami'ar Harvard da Yandell Henderson na Yale suka yi gargaɗi cewa haɗarin bai tsaya kan ma'aikata ba, hayaƙin miliyoyin motoci zai baza dalma a tituna a hankali, ta shiga jikin kowa. Kettering ya tsaya a gefen kamfani, ya kare man da hujjar cewa ƙasa na bukatar tattalin fetur. Cikin 1926 aka ci gaba da sayarwa.

Masu gargaɗin ne suka yi gaskiya. Dalma tana taruwa a jini da ƙashi, tana dakushe ƙwaƙwalwar yara, tana jawo hawan jini da ciwon zuciya ga manya. Mutanen Arewa sun ga mugun aikinta ta wata hanya cikin 2010, sa'ad da ƙurar haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara. Ta fetur ba ta kisa nan take, shi ya sa aka daɗe ana musu. Masu gyaran mota da masu sayar da mai da 'yan talla na bakin titi da mazauna tasha su ne suka fi shaƙa. Amurka ba ta haramta man ga motoci gaba ɗaya ba sai 1996. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya cikin 2021. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa dainawar tana ceton rai fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu kowace shekara. Masu yabon Kettering sukan ɗora laifin a kan Midgley, amma Midgley yaron gida ne, mai gidan kuwa an san shi.

Su biyun ne kuma suka kawo Freon, iskar firiji, a ƙarshen shekarun 1920. Nan kam ba za a zarge su da ɓoye wani abu ba, domin iskar da ake amfani da ita kafin nan tana kashe mutane in ta tsiyaya, ba kuma wanda ya san Freon na cin rufin sararin sama mai tare zafin hasken rana sai cikin 1974. An yi yarjejeniyar daina ta a Montreal cikin 1987.

Aikin da ya fi ba shi daɗi a ƙarshen rayuwarsa shi ne injin dizal mara nauyi. Ran 26 ga Mayu, 1934, jirgin ƙasa mai suna Zephyr, da irin wannan inji, ya yi tafiyar mil 1,015 daga Denver zuwa Chicago cikin sa'a 13 da minti 5, daga nan jiragen gawayi suka soma ja da baya a Amurka. Ɗansa Eugene ya ci gaba da wannan fanni. Cikin 1945 shi da Sloan suka kafa cibiyar binciken ciwon daji ta Sloan-Kettering a New York, shekara guda bayan haka wannan ciwo ya kashe matarsa. Ya yi ritaya cikin 1947, ya mutu a Dayton ran 25 ga Nuwamba, 1958, yana da shekara 82, da rajistar ƙirƙira 186 da sunansa. Garin da gidansa yake a gefen Dayton sunansa Kettering tun yana raye.

Abin da ya gaji kwantak

Sa'ad da ya mutu kusan kowace mota mai fetur a duniya da tsarinsa take tafiya, raunin tsarin kuwa wuri ɗaya ne, bakin kwantak. A inji mai silinda huɗu da ke juyi dubu uku a minti, bakin nan yana buɗewa yana rufewa sau ɗari a kowace daƙiƙa, kowane buɗewa da ɗan ƙuna. Bakin yakan ci, ɗan robar da ke gogar ƙarfe mai kusurwa takan side, tazarar da ya kamata ta tsaya wajen milimita 0.4 sai ta rage, tayimin ya goce, mota ta soma shan mai tana wuyar tashi da safe. Maganin ya fito ne daga taransista, wadda aka ƙirƙiro cikin 1947, shekarar da ya bar aiki. Ita makunni ce da ba ta da baki, ba abin da ke motsi a cikinta balle ya side. Delco ɗin nan dai ya fito da irin wannan wuta ga masu so a motocin Pontiac na 1963, Chrysler ya sa wa dukan motocinsa cikin 1973, General Motors ya bi da nasa mai suna HEI cikin 1975.

Mai tsohuwar mota a yau yana iya cire kwantak da kwandansa ya sa ɗan mojul a gurbinsu cikin distiributar da yake da ita. Koyil da rota da murfi da fulogi duk suna nan yadda Kettering ya bar su, mai yanke wutar kaɗai aka sauya. Akwai mai aiki da zoben maganaɗisu da ake zurawa a sandar distiributa, irin na Pertronix, akwai mai aiki da ɗan haske da fikafikai ke giftawa, irin na Lumenition na Ingila, akwai kuma mai haƙoran ƙarfe da naɗin waya irin na HEI. A ƙasa mai ƙura da zafi mai maganaɗisu ya fi haƙuri, domin mai haske ƙura da maiƙo sukan rufe masa ido.

Wanda zai je Ladipo ko Nkpor saye, lambar da ke jikin distiributarsa zai kwafa ya tafi da ita, sunan mota kaɗai ba ya isa, don mota iri ɗaya takan fito da distiributa na kamfanoni daban-daban, balle wadda ta sha hannun kanikawa shekara arba'in. Sai ya duba batir. Volkswagen na kafin 1967 masu bolt 6 ne. Motocin Ingila da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960, irin su Morris da Austin da Land Rover, kan batir mai alamar + ne ke haɗe da jikin mota, saɓanin na yanzu. Kowannensu da mojul ɗinsa, in aka sa na wani a wani ƙonewa zai yi nan take.

Koyil shi ne inda aka fi yin asara. A sa mita tsakanin ƙananan kawunansa biyu a auna. Mojul mai maganaɗisu na gama-gari, a inji mai silinda huɗu ko shida, yana son koyil mai om 3 ko fiye, a mai silinda takwas kuwa om ɗaya da rabi. In aka haɗa shi da koyil na motocin zamani mai ƙasa da om ɗaya, wutar da za ta bi ta cikinsa ta fi ƙarfinsa. Mojul na HEI shi kuma akasin haka ne, koyil mai ƙarancin om yake so, sai kuma an ɗaure shi a kan farantin alminiyam da man ɗauke zafi a ƙarƙashinsa, ƙusar ɗaurin ta kama jikin mota sosai. Kawunansa huɗu ne: W da G na wayoyin cikin distiributa, B na wutar makulli, C na gefen koyil mai alamar ragi.

Mai maganaɗisu waya biyu gare shi a motar da kan batir mai alamar ragi ke jikinta. Ja tana zuwa wutar makulli, watau gefen koyil mai alamar +, baƙa tana zuwa ɗaya gefen, inda wayar kwantak take a da. Juya su sau ɗaya ya isa ya kashe mojul, saboda haka a cire kan batir kafin a soma. Wasu motoci suna da wani farin tangaran ko wata waya ta musamman tsakanin makulli da koyil, mai rage wuta zuwa wajen bolt 9 sa'ad da inji ke tafiya. A irin wannan mota jar waya sai ta ɗauko wutarta daga gaban tangaran ɗin, inda bolt 12 yake cikakke, in ba haka ba mota za ta riƙa yankewa in ta yi zafi. Kada kuma a bar makulli a buɗe inji na kashe ana sauraren rediyo, don wuta takan tsaya cikin koyil da mojul ta dafa su.

Bayan an gama haɗi tilas a sake saita tayimin da fitilar saiti, inji na tafiya, domin da wuya mojul ya yanke wuta daidai inda kwantak ke yankewa. Tsohon kwantak da kwandansa da 'yan ƙusoshinsu kuma a ƙulle su cikin leda a ajiye a aljihun mota. Kwantak in zai mutu yakan yi ta ba da alama kwana da kwanaki, ana kuma iya goge bakinsa da takardar yashi a saita shi a gefen titi. Mojul yakan ɗauke ne gaba ɗaya ba sallama, ba kuma a gyara shi, a tsakanin Ore da Benin kuwa ba lalle a sami mai sayar da irinsa ba.